Intanet Ta Rage Wa Garinmu Shekaru

Jiya jikata Hassu ta kawo min waya har gaban hanci, ta ce, "Tsoho, ka yi kuskure. Nan an rubuta sai bayan zuwan jirgin ƙasa Ƙaura anka kafa garinmu."

Aikin makaranta take yi kan tarihin ƙauyenmu na wajen Dauran, wanda munka baro dole. Ni ban yi boko ba, wanga ma faɗi nike ana rubuta min. Amma na san kakan kakana ya gina rijiyar garin, tun babu ko labarin layin dogo.

Na ce, "Amarya, wa ya faɗa masu?"

Ta ce, "Kundi ne na intanet, kowa na iya gyarawa."

Na ce, "Kowa? Mu in za mu ba da tarihi, sai mun ce daga wa munka ji, shi kuma daga wa. Shi Kowa ɗan wane gida ne?"

Ta yi dariya, ta shiga kundin ta gyara tarihin yadda na faɗi. Kafin la'asar wani ya goge, wai babu madogara. Malaminta ma rubutu yake so, ba "kakana ya ce" ba.

In ta bi nawa, maki ya tafi. In ta bi nasu, an sake binne kakannina. Na ce ta bi nasu ta ci jarrabawa, amma ta ɗauki muryata ta ajiye.

Na gaji, jama'a. Ku da kunka yi boko, ku gaya min: sai na mutu an buga ni a takarda kana in zama shaida?