Littafin Baba a Laburaren Kalgo

Jama'a, ku ji abin da na gani yau.

Malamin da ke duba aikina na kammala digiri ya ce wani littafin koyarwa da na kafa hujja da shi babu shi a duniya. Ya ce in kawo shi gobe ko ya soke babin. Ni kuwa daga tsohon kundin marigayi Baba na kwafo sunan.

Da hantsi na shiga laburare a Kalgo. Na bincika kwamfuta, babu. Ma'aikaciyar laburaren ta duba, ta ce, "Ɗiyata, ba mu taɓa samunsa ba."

Zan fita ke nan na hango shi a kantar ƙasa, shi kaɗai a kwance. Na buɗe. Tsinken tsintsiya a daidai shafin da nake nema! Baba bai taɓa lanƙwasa shafi ba, da tsinke yake sa alama.

Ma'aikaciyar ta jujjuya shi, ta ce, "Ba hatiminmu. Wa ya shigo da shi?"

Na kira Inna a Gwandu. Ban gama sallama ba ta ce, "Hadiza, kin zo gida ne ban sani ba? Na tarar da akwatin littattafan babanki a buɗe."

Shekara uku akwatin nan yana kulle. Makullin kuma yana cikin jakata.