Baba Issaka da sunan da soja suka ba shi

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan aka kira ni daga unguwarmu Aboabo, wai Baba Issaka ya rasu.

Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ne tsohon sojan nan mai gyaran rediyo a layinmu. Ga faɗa, ga kirki. Ranar da mahaifinmu ya rasu, shi ya fara shigowa da tabarmi a kafaɗa.

Yana saurayi, Ghana ba ta daɗe da samun 'yanci ba, aka tura su Kongo. Can aka kama shi, ya yi wata da watanni a tsare. Ya ce dokar yaƙi ta ba fursuna haƙƙin a rubuta sunansa a sanar da gida, kuma an rubuta nasa. Sai dai ranar da ya shiga soja, mai ɗaukar suna ya sa masa Musa Dagomba don ya fi sauƙin kira. Takarda ta iso Tamale, ta yi ta yawo, ba wanda ya san wani Musa. Uwarsa har sadakar arba'in ta yi masa.

Da dariya yake ba da labarin, mu ma mu yi ta dariya.

Na daina dariya wata biyu da suka wuce, da aka ce an kama ƙanena soja a inda aka tura su aikin zaman lafiya.

Ran Juma'a na same shi a shago. Ya ajiye sukuddireba ya ce, "'Yata, wane suna kin ba su a ofishin cigiya? Wanda sunanshi na cikin buk, littafin fursunoni, ba su iya ɓad da shi. Wanda babu..." Bai ƙarasa ba.

Rashidu muke ce masa a gida, shi na rubuta a fom ɗin cigiya. Amma da satifiket ɗin makaranta ya shiga soja, mai sunan da kawunmu na Jisonayili ya sa masa. Baba ya ce kar in je gyara sunan ni kaɗai, zai raka ni ran Litinin.

Yau Litinin.

Wallahi tsoro nake ji. Ban san ko yana cin abinci ba, ban san ko an rubuta shi ba.

Allah Ya jiƙan Baba Issaka, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Don Allah duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a. Ku sa ƙanena ma, ku ambaci sunayensa duka biyu: Rashidu, da Abdul Fuseini.