Hannun Matar Ƙonni

Shekarun baya, bayan an cire wa mahaifiyata nono a asibiti a Sakkwato, hannunta na hagu ya kumbura suntum. Likita ya ce ruwan jiki ne ya rasa hanya, a riƙa naɗe shi, kada a kuskura a tsaga.

Inna mai ƙunshi ce, amaren Illela da yawa sun bi ta hannunta. Sai ta ajiye lalle. Ta lulluɓe hannun da farin ƙyalle, ta kwantar da shi a matashi can gefe, kamar an ba ta ajiya. Wani hantsi na ji tana yi masa magana ƙasa-ƙasa.

"Inna, ke da wa?"

"Wanga hannu ba nau na ba," in ji ta. "Na matar Ƙonni na, wadda ag gadon kusa da ni. Na tashi da sahe na iske gadonta wayam. Ta rasu ta bar min shi."

Har alwala ta daina yi masa, wai ba a yi wa gawa sau biyu. Kawuna ya ce iska ce, a kira wanzami ya yi ƙaho ranar Lahadi. Na san in aska ta taɓa hannun nan mun shiga uku, sai na buga wa nas ɗin da ta yi jinyarta ina kuka. Ta ce ba hannun kaɗai ke ciwo ba, za ta turo mana mai irin lalurar su zauna.

Lahadin, wanzami na zaure yana wasa aska, wata mata ta yi sallama. Inna ta ƙura mata ido, ta ce da raɗa, "Ita ta. Ta zo amsar abinta."

Ni jaruma, ban san lokacin da na kai bayan rumbu ba.

"Sallamata anka yi daga asibiti, ke kina kwana," na jiyo matar tana faɗa. Ashe matar Ƙonni ce da ranta, ita nas ta turo. Da na leƙo, ta yaye mayafi, ga nata hannun a naɗe. "Ga nau nan, ina hwama da abina. Wanga naki na."

Inna ta daɗe tana kallo, sannan ta fashe da kukan da ba ta yi ba tun aikin. Wanzami ya tattara ƙahonsa ya tafi.

Ba rana ɗaya ta warke ba. Matar ta riƙa zuwa duk ranar kasuwa, mun kuma koma ganin likita. Har yau ina jin kunyar yadda muka zuba wa kumburi ido muka manta da mai shi. Farin ƙyalle kuwa, in na gan shi a shanya gabana yakan faɗi.

Da Sallah ta zo, Inna ta ce in kwaɓa lalle. Ta miƙo min hannu biyu.