Wayar Ranar Litinin

Kafin likitoci su iso, ita ta riga ta goge tebur, ta saka tabarau, ta buɗe dogon littafin nan mai baƙin bango. Anti Mai Littafi ake ce mata. Shekara ashirin da biyu tana zaune a ƙofar sashen masu fama da shaye-shaye. Gado goma sha takwas ne a ciki, sunayen masu jira kuwa sun haura ɗari biyu. Aikinta kawai ta rubuta suna, ta ce a tafi sai an kira. Sai an kira fa! Wata takwas ke nan, wani ma shekara.

Ba wanda ya sa ta, amma duk Litinin sai ta bi sunayen nan ɗaya bayan ɗaya tana buga waya.

"Ba gado ba ne tukuna, kada gabanka ya faɗi. Muryarka nake son ji. Ka ci abinci kuwa?"

Ma'aikatan jinya har tsokanarta suke yi, wai ta mayar da ofis zauren hira.

Akwai wani tela, uban 'ya'ya uku, da ƙwaya ta ci ƙarfinsa har ya rabu da keken ɗinkinsa. Da ƙafarsa ya zo ya ce ya gaji. Wata bakwai tana lallaɓa shi ta waya. Ranar wata Laraba gado ya samu, cike da murna ta kira. Matarsa ce ta ɗauka.

"Anti, jiya aka kai shi makwancinsa. Jakarsa ma tana nan bayan ƙofa, tun wata uku ya haɗa ta."

Waɗanda ke wurin sun ce Anti kifa kanta ta yi a kan littafin. Sai muryar matar ta sake fitowa daga wayar.

"Anti, wa ke bin sa a layi? Don Allah kada ki tsaya yi mana kuka, kira shi yanzu."

Ta share ido ta kira. Wata mai kitso ce. Yau shekararta shida ba ta taɓa kwalbar maganin tari ba.

Anti, ke ce kika hana mutane zama lamba. Ba ki da ikon ƙara gado ko ɗaya, kuma wallahi abin yana ci mana rai, amma ba ki bar kowa ya yi jira shi kaɗai ba. Doka ta ce a soke sunan wanda ya rasu. Na telan nan har yau kin kasa ja masa layi.

Juma'ar nan za ki ajiye aiki. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri. Wanda zai hau kujerar nan, da duk mai ɗan'uwa a layin jira, don Allah a ɗauki waya. Litinin na tafe, kuma mutum ɗari biyu za su ajiye wayoyinsu kusa da su.