Sandar Ammu Fadl

Ban taɓa ganin Ammu Fadl a zaune ba sai a kujerar tuƙi. Da an sallame Asuba yana bakin titi a unguwar Abbasiya, yana goge gilashin bas ɗinsa, yana leƙa tayoyi, yana yi wa ɗalibai tsawa: "Yalla, rana ba ta jiran kowa!" Bahaushen Sudan ne. Shekara da shekaru shi ke kai mu bakin teku can gefen Baltim idan zafin Alƙahira ya ishe mu.

Amma mai wannan gaggawa, da mun isa sai ya kulle ƙofa da mu a ciki. Shi kaɗai zai sauka da sandarsa, kai a sunkuye kamar wanda allura ta faɗi masa, mu kuma muna ta gumi da ƙorafi. Dalilinsa ɗaya ne. Busasshen fili mai laushi da muke so mu ja sahun Azahar a kansa, nan ne ƙananan tsuntsayen teku ke yin ƙwai a ƙasa, launinsu ɗaya da rairayi. Sai ya duba tsaf, ya ja layi da sanda, sannan mu bi sawunsa ɗaya bayan ɗaya. Masu dafa shayi ma ba ya bari su tsige ciyawar tudu don hura wuta. Gawayi da kwali suna bayan mota.

Kai ne ka hana mu taka 'ya'yan wasu muna kabbara, Ammu. Mun sha yi maka tsiya, ka sha cewa "Ma'alish", wato mu yi haƙuri, ka ci gaba.

A bazarar bana yanar ido ta fara rufe masa gani, bai gaya wa kowa ba. Hassumi, ɗalibin Nijar da ya fi kowa mita, ya lura da yadda yake laluben ƙofa, ya matsa sai da Ammu ya bar shi suka sauka tare. Ammu ya ɗaga ƙafa ke nan Hassumi ya cafke hannunsa.

"Tsaya, Ammu! Ga ƙwai nan gabanka."

Tsohon ya durƙusa, ya kai fuskarsa dab da ƙasa, ya daɗe. "Wallahi ban gan su ba, ɗana," in ji shi. "Khalas, shi ke nan." A makon nan ya miƙa makullin mota.

Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Direba ba ya wuyar samu a garin nan, mai sauka ya duba ƙasa ne ban san inda za mu samo ba.

Mun gode, Ammu Fadl. Allah ya buɗe idanunka, ya saka maka da alheri. Ku kuma masu tafiya ranar Juma'a, ku bi sawu ɗaya, ku bar ciyawa a inda take. Sandar tana hannun Hassumi, kuma ya rantse shi ma zai kulle ƙofa.