Koren Tawul

Shekara talatin da ɗaya ta yi tana buga wa mutane takardu a wani ɗan shago tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da tabarau. Da tafireta ta fara, kuma har yau Mai Tafireta ake kiranta, ko da yake tuni kwamfuta ta gaje teburin. Takardar neman aiki, wasiyya, wasiƙar da aka ji kunyar faɗa da baki, duk sun bi ta ƙarƙashin yatsunta. Abin alfaharinta guda ne: ba ta karanta abin da take bugawa. Ido ya ɗauka, yatsa ya sauke, zuciya kuwa tana can wajen wankin da ta baro a igiya. In ka tambaye ta me takardar ta ce, sai ta ce, "Ni bututu ce, ruwa wucewa yake yi." Shi ya sa masu sirri suke sonta.

Ita ma tana da nata. 'Yarta tilo, wadda take kira Auta duk da ba ta da yayye, ba ita ta haife ta ba. Ƙanwarta ce ta haife ta, ta rasu bayan kwana biyu, uban kuma ya yi ɓatan dabo. A bakin ƙofar asibiti wata nas ta miƙo mata jaririyar. Ta sauya gari, ta ce tata ce, mijinta ya rufa mata asiri har ya koma ga Allah da maganar a cikinsa. Tsoronta ɗaya ne, ranar da Auta za ta ji ta daina ce mata Mama. Tsoron ya daɗe har ya daina ciwo, ya zama kamar kantar da ke kan yatsunta.

Auta ta girma ta zama malamar makaranta. Wata ranar Talata ta shigo shagon da littattafan rubutu huɗu a ƙirji.

"Mama, labari na rubuta. Ke nake so ki buga min, ba kowa ba."

Mai Tafireta ta buɗe na farko. "Wannan rubutun naki, kamar kaza ta yi tono."

"Ki karanta fa, Mama."

"To," in ji ta, irin "to" ɗin da take ba kowa.

Kwana tara tana bugawa. Kullum da la'asar Auta takan zo ta zauna a benci, ta zuba wa fuskarta ido, ta ce, "Ya kika gani?" Ita kuma ta faɗi abin da ya rage kawai, kamar "Saura shafi arba'in." Ta lura yarinyar ta rame, sai ta ɗora laifin a kan ɗalibai.

A rana ta goma ta fitar da aikin, ta daidaita gefensa a kan tebur ta miƙa. Auta ta ɗauki biro ta fara dubawa. A shafi na tara biron ya tsaya.

"Mama, yaushe rabonki da yin kuskure?"

"Tun kina rarrafe."

"To ga ɗaya." Ta karanta a hankali: "Nas ta miƙa wa yayar marigayiya jaririyar a cikin koren tawul." Ta juyo da littafinta na hannu. "Ni fari na rubuta."

Mai Tafireta ta duba. Fari ne, ɓaro-ɓaro, ko makaho ya shafa zai ji.

"Shekara biyu ke nan wata tsohuwar maƙwabciyarku ta gaya min," in ji Auta. "Ban yarda ba, na kuma kasa tambayarki. Shi ne na ce bari in rubuta, in kin karanta ki yi magana. Kwana tara ina jira. Tawul ɗin ma ƙirƙirarsa na yi, ban san akwai shi ba."

Mai Tafireta ta kalli hannuwanta. Ta yi zaton in ranar nan ta zo za ta faɗi, ko ta yi kuka. Ba ta ji komai ba. Agogunan maƙwabci kawai take ji ta bayan bango, kowanne da nasa lokacin.

"Kore ne," ta ce. "Gefensa ya ɗan yage. Yana ƙasan akwatina."

Sai sana'a ta yi magana: "A mayar da shi fari?"

"Bar shi."

Kalma biyu, babu ta ukun, babu "Mama". Mai Tafireta ta zauna tana jiranta, yayin da Auta take haɗa takardu, tana sa su a jaka, tana neman takalminta a ƙarƙashin benci. Sai da ta kai bakin ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba.

"In kin tashi, ki fito min da shi in gani, Mama."

Bayan ta tafi, wani dattijo ya shigo da wasiƙa mai layi shida. Mai Tafireta ta ɗora yatsunta a kan maɓallai, suka ƙi motsi. Sai da ta karanta wasiƙar daga farko har ƙarshe, sannan ta fara bugawa.