Kwanon da Yake Dawowa a Cike

A ofishin da na yi aiki a Kabo, ba wanda yake cin abincinsa shi kaɗai. Kowa zai taho da kwanonsa daga gida, in an idar da azahar a shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar da ke jikin katangar baya, a jera kwanukan, a riƙa buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Sai an cinye na wannan ake jawo na wancan. Ko ɗanwake ka kawo ko ɗumamen tuwo, hannun kowa sai ya shiga ciki. Haka na tarar ana yi, kuma a shekarun nan da albashi yake zuwa a makare, wannan ciyayya ta rufa wa mutane da yawa asiri.

Ni daga Gwarzo nake zuwa kullum a kan babur, kwanona ɗaure a baya. Mai ɗakina tana da nauyin hannu wajen yaji, na yi magana har na gaji. Babbanmu a tabarmar wani dattijon akawu ne da kowa yake kira Baba. Shi ne yake fara sa hannu a kowane kwano. In aka zo kan nawa zai ci, ya yi gumi, ya cire hula ya yi fifita da ita, ya ƙara loma, sannan ya ce, "Ka gaya wa 'yata yaji ya yi yawa." Kullum sai ya faɗa. Ita kuwa ina shiga gida, kafin in kafe babur, za ta ce, "Yau me Baba ya ce?" In na gaya mata ta yi dariya, gobe ta ƙara. Ba su taɓa ganin juna ba.

Hirar tabarmar nan ba ta da linzami. A taɓa tsadar man fetur, a koma kan baburan China da suka fara cika gari, mai kula da sitonmu ya rantse ba sa shekara, malamin gona ya ce ai talaka ba shekara yake nema ba, yau yake nema. Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a ba, kowa yana da abin cewa. Ni ina cikin masu zafi, ina ganin gyara ya zo ke nan. Baba kuwa sai ya ce shi ba ya ja da Shari'a, masu riƙe da ita yake kallo. Mukan yi musu har jijiyar wuyana ta tashi, don ni ban iya musu a hankali ba. In an tashi kuma shi ke nan, ya wuce.

Ana cikin haka wayar hannu ta shigo, ni kuma na sayar da ragona na saya. Na san ba dole ba ne, sha'awa ce kawai ta ɗebe ni. A duk ofishin mu biyu ne masu ita, ni da Oga, shugabanmu. Sabis kuwa babu shi a ciki, sai na fita bakin titi na hau kan wata kwalbati ina ɗaga hannu sama, masu wucewa suna kallona. Abokan aiki suka sa ni a gaba da tsiya. Mai sito ya ce shi fa bai yarda da abin nan ba, an gaya masa ko a aljihu yake yana jin maganar mutane. Na yi masa bayani, ya ce to in cire shi daga kusa da tuwonsa.

Da damina ta kawo kai aka sauke takin zamani a sitonmu don manoma. Kafin a sanar da ranar rabo rabinsa ya yi ƙafa, kuma kowa ya san gidajen 'yan siyasar da ya shiga. Rannan a tabarma Baba ya suɗe hannu ya ce, "Shari'a ta zo Kano, ta zo Kabo, amma da ta iso ƙofar siton nan sai maigadi ya ce mata Oga ba ya nan." Muka yi dariya har malamin gona ya ƙware.

Ba a rufa mako ba Oga ya tara mu a ofishinsa. Ya yi maganar zuwa aiki a kan lokaci, ya yi maganar tsafta, sai da muka saki jiki sannan ya gyara zama ya ce, "Na ji an ce Shari'a ta zo ƙofar sito an ce mata ba na nan. To ga ni." Bai kalli kowa ba sai Baba. Washegari aka ce an mayar da Baba Durun, wani ɗan ofishi mai ɗaki ɗaya. Mutumin da ya kusa ritaya, ga ciwon gwiwa, ba ya iya hawa babur, ga hanya ta ɓaci da ruwa. Dole ya bar iyalinsa a Kabo ya kama shago a can. Ranar da zai tafi ya bi kowa ya yi masa sallama. Da ya zo kaina ya miƙo hannu, amma idonsa yana kan aljihun rigata.

Ba wanda ya ce mini komai, kuma abin da ya fi ci mini rai ke nan. Da wani ya fito ya ce kai ne, da mun yi ta ta ƙare. Sai dai aka riƙa barin kwanona a ƙarshe. In an cinye na kowa na jawo nawa na buɗe, sai ka ji "Alhamdulillahi," wannan ya miƙe, wancan ya tafi wanke hannu. Mai sito ya ce likita ya hana shi yaji. Malamin gona, wanda a da har ƙanzo yake kankarewa, ya ce cikinsa ne ba daɗi. Hira kuma in ina wurin ba ta wuce ruwan sama da farashin dawa. Na lissafa abin da suke gani: ni ne mai waya, ni ne mai lambar Oga, ni ne nake musu da Baba, ni ne kuma nake tashi bayan an ci abinci in nufi titi ni kaɗai. Na gane ko ni ne a matsayinsu zan yi zargi, amma ganewar ba ta rage mini zafin ba.

A gida na gaya wa mai ɗakina an mayar da Baba Durun. Ta yi jimami. Da ta ga kwano yana ta dawowa da abinci sai ta ce, "Sauran ma duk an mayar da su Durun ne?" Na ce ta bar maganar. Ba ta sake tambaya ba, sai ta ɗauka girkinta ne. Ta rage yaji. Kwano ya dawo. Ta ƙara ragewa, ta canja miya, ta sayi man gyaɗa mai kyau a lokacin da ba mu da halinsa. Wata rana na hango ta a madafa ta buɗe kwanon tana ɗanɗana miyar da ta yini a rana, tana neman inda ta yi kuskure. Wallahi ranar ban iya cin tuwon dare ba.

Daga nan na daina zama a tabarmar. In an yi azahar sai in ɗauki kwanona in nemi inda ba kowa. Haka rannan na zaga ta bayan sito, wani lungu tsakanin sito da katanga da ban taɓa shiga ba. Ina shiga wayata ta yi ƙara a aljihu, saƙo ya shigo. Na ciro ta na ga sabis a cike, abin da ko a kan kwalbati ban taɓa samu ba. Na duba ƙasa, ga bulo an ɗora wani kan wani an yi wurin tsayawa, ga katunan waya da aka kankare an zubar birjik. A ofishin nan mutum ɗaya ne yake da kuɗin sa kati haka. Sannan na ji muryar mai sito tar, kamar a kunnena yake magana. Darbejiyarmu tana daidai bayan katangar.

Ban gama haɗa abin a raina ba na ji takun takalmi. Oga ne, waya a hannu. Ashe shi ba zai fita titi ya hau kwalbati talakawa suna kallonsa ba, ya samo wurinsa a ɓoye, kuma lokacin cin abinci ne ofis yake zama ba kowa. Ya tsaya, na tsaya. Na rusuna na ce, "Ranka ya daɗe." Ya sa yatsa a baki, sannan ya yi magana ƙasa-ƙasa, "Kai ma ka gano wurin? To ka riƙe bakinka."

Ta bayan katanga kuwa hira ta yi daɗi, tunda ba na nan. Kuma ni ake yi. Mai sito yana cewa tun ranar da na sayi abin nan ya san za a rina. Malamin gona ya ce, "Mutumin da ka ci abinci da shi a kwano ɗaya. Allah ya raba mu da munafuki." Wani ya ce amin, sannan ya ɗauko maganar takin, yana shirin kama suna. Na dubi Oga. Murmushi yake yi, ya karkata kai yana saurare, kamar mai jin wasan kwaikwayo a rediyo.

Na san abin da zai biyo baya. Ina da mata da 'ya'ya, kuma na ga abin da aka yi wa Baba. Amma kalmar munafukin nan ta riga ta hau mini kai, kuma in na yi shiru wanda yake shirin kama sunan nan shi ma ya tafi. Na ajiye kwano, na taka bulon Oga, na leƙa ta saman katanga na ce da ƙarfi, "Salamu alaikum. Ku ci gaba, muna jin ku sarai, ni da Oga. Ga shi nan a inda yake tsayawa kullum."

Na ga loma ta tsaya a hannun malamin gona. Da na sauko Oga ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Ka kyauta." Ya sa wayarsa a aljihu ya tafi. Kafin ƙarshen wata aka ce ni ma an mayar da ni ofishin ƙauyen Gammo.

A 'yan kwanakin da suka rage mini, kwanona aka riƙa fara buɗewa. Suka ci har suna haɗa hannu, mai sito da likita ya hana yaji har da neman ƙari. Malamin gona ya ja ni gefe ya ce in yafe masa. Na ce na yafe, kuma na yafe ɗin, amma abincin bai yi mini daɗi a tabarmar ba. Wanda nake so ya ci ba ya nan. Na tambaya ko an kai wa Baba labari, kowa ya ce yana shirin zuwa. Ba wanda ya je.

Sai na zauna na gaya wa mai ɗakina komai, tun daga taki har katanga. Ta share ido da bakin zane, ta ce, "Da ka faɗa mini tun farko, da ban ɓata miyata ba." Na ce gobe Durun za ni. Ta tashi da asuba ta yi dambu. Ina kallo ta ɗauko gwangwanin yaji, ta riƙe shi, ta mayar ba ta buɗe ba. Hannunta ya riga ya tsorata.

Hanyar ta ba ni wahala, sau da yawa sai na sauka na tura babur a cikin taɓo. Na iske Baba a kan benci a ƙofar ɗan ofishin, ya miƙe ƙafa ɗaya, gwiwar ta kumbura. Ya rame. Muka gaisa, ya gida, ya iyali, ya damina, ya ƙarfin jiki, duk a tsaye nake, bai ce in zauna ba. Na tsuguna na gaya masa abin da ya faru. Bai katse ni ba, bai kuma nuna ya yarda ko bai yarda ba. Da na gama ya ce, "Yanzu kai ma an kore ka ke nan." Na ce Gammo. Ya ce, "Hanyarku ta fi tamu."

Aka kira azahar muka je muka yi salla, yana dogara sanda. Da muka dawo na kwance kwanon daga bayan babur na ajiye a gabansa na buɗe. Na riga na shirya jin yana azumi, ko ya ƙoshi, kuma na yi wa kaina alkawari in ya faɗa ba zan yi musu ba, zan rufe in tafi. Ya daɗe yana kallon dambun. Sannan ya ce in miƙo masa buta.

Ya wanke hannu ya yi bismilla. Ya ci, na ci. Dambun nan salam yake, ko ƙwayar barkono babu. Da muka kusa cinyewa sai ya cire hularsa, ya riƙa fifita da ita a hankali, bai dube ni ba, ya ce, "Ka gaya wa 'yata yaji ya yi yawa."

Na ce to, Baba, zan gaya mata. Na tashi na je wajen babur ina gyara igiyar da ba abin da ya same ta, don kada ya ga fuskata.